Litinin Ɗin Da Duniya Ta Ƙi Tashi

A Unguwar Sodangi, wani ɗan ƙauye da ke kusa da Birchi a ƙasar Kurfi, mutum guda ne ya iya karatun boko a wancan zamani, shi ne Ilu Tela. Shi ma ɗin wata huɗu kacal ya yi a ajin Yaƙi da Jahilci, damina ta faɗi, aji ya watse. Saboda haka in jarida ta shigo hannunsa, manyan baƙaƙen kan labari kaɗai yake iya haɗawa. Ƙananan rubutun da ke ƙasa kuwa sai ya kai takarda daf da hanci, ya yi ta motsa leɓe, sannan ya cika sauran da abin da zuciyarsa ta ba shi.

Jaridun ma ba sayensu yake yi ba. Waɗanda 'yan tireda na kasuwar Kurfi ke ƙunshe masa zare da maɓalli a ciki ne, ya kawo gida ya warware, ya ɗora dutsen guga a kai su miƙe. Da la'asar sai ya fito da su gindin cediyar ƙofar masallaci, maza su kewaye shi.

Shekarar da aka buga cewa Rasha ta harba kare sama, Ilu ya bayyana wa jama'a cewa duk abin da ya hau sai ya sauko, kuma wanda ya tsinci karen nan Turawa za su ba shi keke sabo fil. Samarin gari suka yi kwana shida suna bin daji. A rana ta bakwai suka dawo da wani jan kare ɗaure da igiya, ba su gama murna ba sai ga Bafillatanin da ke da shi ya biyo sawu da sanda. Da aka zo batun mulkin kai kuma, Ilu ya ce a mota za a kawo shi daga Kaduna a raba wa kowane gida. Akwai dattawan da suka yini a bakin hanya da buhuna.

Duk da haka ba a daina sauraronsa ba, don mutane na ganin abin da aka buga da inji ba ya ƙarya, sai dai a samu jinkiri. Mutum guda ce ba ta taɓa ɗaukar maganarsa da nauyi ba, Yahanasu mai daddawa. Mace ce gajera, mai faɗin kafaɗa, ta haura hamsin, mijinta Muhammadu ya rasu shekara bakwai, 'ya'yanta mata biyu suna ɗakunan mazajensu. In ta biyo ta gindin cediya da ƙwarya a ka ta iske ana karatu, takan tsaya ta ce, "Ilu, yau kuma me ya faɗo daga sama?" Maza su tsuke fuska, ita ta wuce abinta.

Yahanasu tana da wani ciwo a rai wanda kowa ya sani. Ubanta ya bar mata gona a bakin rafi, ƙasa baƙa mai riƙe laima, kafaɗa da kafaɗa da gonar gidan mijinta. Muhammadu ne ke noma mata ita yana da rai. Bai yi arba'in a ƙasa ba wansa Tukur ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka, ya haɗe gonakin biyu, ya ce duk gandun gidansu ne. Ta kai kuka wajen Maigari Sodangi, aka ce ta kawo shaidu. Tsofaffin da suka san iyakar wasu sun mutu, wasu suna cin tuwo a zauren Tukur. Tun daga ranar ba ta ƙara shan ruwan gidansa ba. In sun haɗu ta gaishe shi, "Yaya, ina kwana," ta ƙara da, "Yaya gonata?" Shekara bakwai ba ta fasa ba ko sau ɗaya.

To, a farkon daminar shekarar 1962, wata Alhamis, Ilu ya dawo daga Kurfi fuskarsa ba annuri. Bai jira la'asar ba. Ya tsaya gindin cediya ya ɗaga wata takarda da samanta ya yage, ya karanta baƙi ɗaya bayan ɗaya:

"Du-ni-ya za ta ta-shi ra-nar Li-ti-nin, in ji ma-su du-ba na In-di-ya."

Wani ya ce a sake karantawa, aka sake, ba abin da ya canza. Ilu ya kai takarda hanci, ya motsa leɓe, ya ce taurari takwas ne za su jeru wuri guda su yi karo, tartsatsinsu ya zubo ƙasa, kuma a manyan birane tuni mutane sun rufe kantuna.

Aka tafi wajen Liman, Malam Maniru. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ba wanda ya san sa'a sai Allah. Masu duba maƙaryata ne ko sun dace." Da ya tsaya nan da magana ta mutu. Amma da ya leƙa waje ya ga sahu har ya kai gindin cediya, har da waɗanda rabonsu da masallaci tun sallar layya, sai ya gyara murya ya ƙara da cewa, "Sai dai tuba ba ta taɓa cutar da kowa ba." Jama'a suka jefar da maganar farko suka riƙe ta biyu.

Ranar Juma'a da hantsi aka tafka ruwa, ruwan shuka na gaske, wanda aka yi sati uku ana roƙo. Ba wanda ya ɗauki sungumi. Wa zai shuka abin da ba zai ga tsirarsa ba? A maimakon haka sai aka shiga yanke-yanke. Ya'u, wanda ya shekara biyu yana kiwon rago yana hana kowa taɓa shi, ya kayar da shi da kansa ya ce a ci. Gidaje da dama aka sauke irin geron da aka rataye a ɗaki tun kaka, aka daka aka yi fura. Mutane suka dinga bin juna gida gida ana neman gafara, ana tone-tonen da ba wanda ya nema. Ɗanmaraya wanzami ya shaida wa maƙwabcinsa cewa akuyar da aka ce kura ta ɗauke shekara biyar da suka wuce, ba kura ba ce.

Yahanasu kuwa tana tsakar gida tana wankin kalwa. Ƙawarta Larai ta shigo da gudu, mayafi a hannu.

"Ke Yahanasu, kina nan kina daddawa? Wa zai ci?"

"Wanda ya kwana Talata."

"Ba ki ji abin da ke cikin takarda ba?"

"Na ji. Na kuma ji na karen Rasha. Kin ga keken?" Ta watsar da ruwan ta ɗebo wani. "Larai, mutumin da bai san ranar da jakarsa za ta haihu ba shi zai gaya mani ranar da Allah zai naɗe ƙasa? In ta tashi ta iske ni ina aiki."

Asabar bayan la'asar aka aiko kiran ta ƙofar masallaci. Ta iske maza cike, Maigari Sodangi a kan buzu, Liman a gefensa, Tukur a tsaye idanu jajur. Mutum ne dogo mai son a ce da shi mai gida, amma ran nan wuyansa ya lanƙwashe kamar na kazar da ruwa ya doka.

"Jama'a ku zama shaida," in ji Tukur. "Gonar bakin rafi, daga tsamiya zuwa gaɓa, ba tamu ba ce. Ta Yahanasu ce, gadon ubanta. Ni na cire gamba da hannuna. Na rantse da Wanda raina ke hannunsa. Na mayar mata, ta yafe mani."

Aka yi ta kabbara, wasu har da hawaye. Aka juyo ana duban Yahanasu a ji ta ce ta yafe.

Ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Yaya, na ji. A mayar da gamba."

"Wace gamba kuma?" in ji Maigari. "Baiwar Allah, jibi fa ake magana."

"Ranka ya daɗe, shi ya sa. In jibi ne, me zai rage mashi? Hannun da ya cire shi zai dasa, yau, kowa na gani. Sannan in yafe."

Aka yi ta gunaguni, wai mace ba tausayi, ana batun lahira tana batun ciyawa. Ba ta motsa daga inda take ba. Ƙarshe Tukur ya ɗauki fartanya, gari ya bi shi zuwa bakin rafi, ya haƙo gamba daga gaɓa ya jera ta tushe tushe daga tsamiya har ruwa, ita tana gaba tana nuna masa da ƙafa inda iyakar take tun zamanin ubanta. Da ya dasa na ƙarshe ta ce, "Na yafe maka shekara bakwai da ka ci. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Lahadi tun rana ba ta yi zafi ba ta saɓa sungumi, ta ɗaura irinta a ƙugu. Larai ta ƙi bin ta da farko, daga baya kunya ta kama ta ta biyo. Yahanasu na sara, Larai na jefa iri tana takewa, tana kuka tana salati. Masu wucewa suka tsaya a kan hanya suna kallo.

"Yahanasu, wa kike shuka wa?" wani ya ɗaga murya.

"Tsuntsayen ranar kiyama," ta amsa, ba ta ko ɗago ba.

Kafin magariba sun gama gero, sun jefa dawa a gefen gaɓa.

Litinin ta zo. Gari duka ya yi wanka ya sa fararen kaya, aka taru a ƙofar masallaci. Hantsi ya yi, rana ta take tsaka. Can wajen azahar aka yi wata tsawa daga gabas, mutane suka kifa da goshi, Ya'u ya suma. Hadarin ya kewaye ya tafi wajen garin Kuki, ko ɗigo bai sauke ba. La'asar ta yi, inuwar cediya ta miƙe. Yunwa ta fara taɓa mutane, don ba gidan da aka ɗora tukunya. Da rana ta faɗi aka juyo wajen Ilu.

"To," in ji Ilu, yana juya takarda, "ai ba a faɗi wace Litinin ba. Wataƙila ta sama ce."

Ba a buge shi ba, albarkacin Liman.

Talata kowa ya ruga gona, amma laima ta riga ta tafi. Sai da aka yi kwana tara kafin wani ruwan, kuma masu furar iri suka bazama ƙauyuka neman abin shukawa. A lokacin geron Yahanasu ya fito layi layi, kore shar, ana hango shi daga hanya.

Wannan koren ne ya hana Tukur sukuni. Wata safiya ta isa gona ta iske shi ya tumɓuke gamba uku yana kan ta huɗu.

"Yaya, sannu da aiki. Me kake yi?"

"Maganar da na yi ran nan ba a cikin hankalina na yi ta ba. An tsorata ni da ƙarya. Abin da aka gina a kan ƙarya kuwa rushewa yake."

Yahanasu ta ajiye fartanya, ta je ta zauna daram a kan tushe na biyar, ta miƙe ƙafafu.

"To cire wannan, ka haɗa da ni."

Ya yi faɗa, ya yi zagi, ya ɗaga hannu ya sauke. Ita kuwa ta ƙara gyara zama. Haka ta yini a wurin, Larai ta kawo mata ruwa, washegari ma ta dawo ta zauna. A kwana na uku Maigari ya kira su ya ce don zumunci a raba gonar biyu, kowa ya ɗauki rabi.

"Ranka ya daɗe," in ji Yahanasu, "rabin nawa zan ba shi ladan me? Na cin shekara bakwai, ko na kukan da ya yi a ƙofar masallaci?"

"Ke dai ba ki da ta ido. In kin ƙi sulhu sai gaban alƙali, can Dutsin-Ma. Kin san tafiyar?"

"Ƙafata ta san ta."

Ranar da aka sa musu ta fita da sassafe da ƙwaryar daddawa a ka, don ta ce ba za ta yi tafiya irin wannan hannu banza ba. Tukur ya wuce ta a kan jaki. Liman da Ilu, waɗanda aka kira shaida, suna biye a baya, Ilu ya linke takardarsa a cikin hula. Ta isa Dutsin-Ma ƙafafu sun yi fari, ta bar wa wata mai koko ajiyar ƙwaryarta, ta shiga zauren shari'a ta durƙusa.

Alƙali tsoho ne mai magana a hankali. Ya ji ta bakinta, ya ji ta Tukur, ya tambayi Liman ko an yi rantsuwar a gabansa, Liman ya ce an yi. Sannan ya ce a kawo takardar da ta jawo wannan duka. Ilu ya ciro ta daga hula da hannu biyu ya miƙa wa malamin kotu.

Malamin kotu ya duba, ya sake dubawa, sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. Ya nemi izini ya shiga ciki, ya fito da ɗaurin tsofaffin jaridu, ya bincika ya zaro wata irinta sak, sai dai ita samanta bai yage ba.

"Allah ya gafarta Malam, ga kwanan watan. Wannan Litinin ɗin ta jajiberin azumi ce. Wata huɗu ke nan da wucewarta. Mun yi azumi, mun yi ƙaramar salla, mun yi layya, duk bayan tashin duniyar nan." Ya sa yatsa a ƙasa. "Ga shi ma a ƙananan rubutu an ce malamai sun gargaɗi jama'a kada su kula da zancen. Kai mai karatu, ba ka ga nan ba?"

Ilu ya ce, "Wurin ya ɗan yi maiƙo."

Zaure ya ɓarke da dariya har sai da ɗan doka ya tsawata. Tukur kuwa sai ya samu ƙarfi, ya matso.

"Allah ya gafarta Malam, ka ji ko? Ranar ma ta wuce tun kafin in buɗe baki. Tilas aka yi mani da abin da babu shi. Ai maganar wanda aka tilasta ba ta zama hujja."

Alƙali ya juya wajen Yahanasu. "Ke me za ki ce?"

Ta ɗago kai. "Allah ya gafarta Malam, ni ban yi karatu ba, na allo ma kaɗan na taɓa. Amma takardar nan a kan Litinin ta yi ƙarya, ba ta yi ƙarya a kan tashi ba. Ranar tana nan tafe. A tambaye shi: da ya ga kamar saura kwana biyu ya tsaya gaban Ubangiji, gaskiya ya zaɓa ya faɗa ko ƙarya? In ƙarya ce, to ya rantse da Allah a kan ƙarya a ƙofar masallaci, ga Liman nan. In gaskiya ce, a bar mani gonata in tafi, rana na yi, ban sayar da daddawata ba."

Alƙali ya dubi Tukur. "Ka ji tambaya. Wanne ne?"

Tukur ya dubi Liman, Liman ya dubi rufin zaure.

"To," in ji alƙali, "tilas da shari'a ta sani ita ce a ɗora maka wuƙa ko a ɗaure ka. Wa ya ɗora maka wuƙa? Tsoron Allah ne ya kama ka, shi kuwa ba ya warware magana, ƙara ɗaure ta yake. Ka yi iƙirari da bakinka a gaban shaidu. Gona ta matar nan ce. Gambar da ka cire ka mayar, a rubuta." Sannan ya nuna Ilu da carbi. "Kai kuma, daga yau in za ka karanta wa mutane takarda, ka fara daga sama. In saman ya yage, ka ƙunshe zarenka da ita."

Yahanasu ta yi godiya, ta fita ta karɓi ƙwaryarta, ta zauna a bakin kasuwa ta sayar da daddawarta tas kafin ta kama hanya.

Kakar shekarar ba ta yi wa Unguwar Sodangi daɗi ba. Shukar baya ba ta gama cika ido ba ruwa ya ɗauke, gidaje da yawa rumbu bai kai rabi ba, na Tukur ma har da ƙasa da haka, ga iyali jingim. Gonar bakin rafi kuwa ta yi abin da ta saba. Yahanasu ta kira gayya aka yanke, aka ɗaure, aka jera dammuna a gindin tsamiya. Ta ware na zakka gefe guda kamar yadda addini ya ce. Liman ya aiko a tambaye ta ko a raba wa mabuƙata kamar kullum, ta ce akwai mabuƙacin da ta fi sani.

Ta ɗora dami mafi girma a ka, ta ratsa tsakiyar gari da rana tsaka, ta yi sallama a ƙofar Tukur. Yana zaure da baƙi. Ta sauke damin a gabansa.

"Yaya, ga zakkar gonata."

Tukur ya miƙe tsaye yana huci. "Ni za ki kawo wa zakka? Ɗauke abinki! Ko yunwa za ta kashe ni ba na ci!"

"Ni dai na fitar, ya bar hannuna," in ji ta. "In ba ka so, ka ba wanda ka ga dama."

Ta juya ta tafi. Damin ya yini a ƙofar zaure, kaji na tsattsaga, Tukur na ciki yana rantsuwar ba mai taɓa shi. Da la'asar matarsa Sa'adiya ta leƙo, ta dubi hagu ta dubi dama, ta ja shi ciki. Ba a jima ba aka ji sussuka na tashi daga gidan.